A Gaban Suruki

Ciwon Bukari ya samo asali ne a Jibuti, ranar da motar soja ta kife da su a gangaren wani dutse. Lokacin yana kofur a rundunar baƙi ta sojan Faransa. Ƙashin bayansa ya tsage daga ƙasa, dab da ƙugu. Aka yi masa aiki, ya warke, ya koma bakin daga har ya kai sajan. Da ya tuɓe kaki, hukuma ta yanka masa ɗan fansho na rauni, tare da magani kyauta a kan wannan raunin kaɗai. Ya zauna a Vénissieux, gefen birnin Lyon, shi da matarsa Hawwa, ya kama aikin gadin ƙofa a wani babban kanti.

Shekaru suka tura, ciwon ya dawo ta inda bai zata ba. Fitsari ya daina jin maganarsa. Da farko ɗigo ne in ya yi tari ko ya ɗaga kaya. Daga baya ya zama ba ya jin zuwansa, sai dai ya ji ɗumi a cinya. Ya koma sa baƙin wando kullum. Ƙunzugun manya kuwa a wani farmasi na can ƙetaren kogi yake saye, inda ba a san fuskarsa ba. Ya bar zuwa Juma'a, mutane suka ce tsohon soja ne, dama addininsu bai cika nauyi ba. Bai musa wa kowa ba.

A wurin aiki shugabansa ya fara ƙorafin yawan barin ƙofa. Bukari ya san kwanansa a kantin ya kusa ƙarewa. Mafita ɗaya ce: hukuma ta yarda cewa wannan lalura daga raunin Jibuti ta fito. In ta yarda, za ta ɗauki nauyin maganin, ta ƙara fanshon, ya bar aikin tsayuwa da mutuncinsa. Ya rubuta ya nemi a sake duba shi. Aka tura shi wurin likitar da za ta auna shi, sai ya tarar da mace, sa'ar 'yarsa ta fari, ga kuma ɗalibi zaune a gefe yana rubutu. Ta tambaye shi abin da ke damunsa. Ya ce baya. Ta ce sai me kuma? Ya ce baya ne kawai. Amsa ta zo cewa raunin bai ƙaru ba yadda doka ta tanada.

Bayan Hawwa, mutum guda ne ya san gaskiyar maganar: Rachidou, Bafulatanin Dakoro, wanda suka yi soja tare, yanzu yana tuƙin bas. A wani ɗan gidan shayi na unguwar Guillotière suka zauna. Rachidou ya karanta amsar hukuma yana girgiza kai.

"Kai Babarbare, kanka ɗaya kuwa? Ka je wurin likita ka ɓoye masa ciwo, sa'an nan ka zo kana jin haushin amsa?"

"Mace ce, na ce maka. Yarinya."

"Ko jaririya ce, likita ce. Ni Bafulatani ne, a gidanmu aka haifi kunya, har suna muka yanka mata. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

"Bafulatani na maganar wanka," in ji Bukari. "Duniya ta zo ƙarshe."

Rachidou ya yi dariya, sa'an nan ya gyara zama. Ya taɓa ɗaukaka irin wannan ƙara kan kunnensa da ƙarar bindiga ta kashe, ya san hanya.

"Saurara. Kafin kotu akwai kwamiti a Paris, dole ta nan ake bi. Mutane ne zaune a tebur: babban hafsa, likitan soja, mutanen ma'aikata, da wakilan tsoffin soji irinmu. Dosiye, wato tarin takardunka, suke karantawa, amma in ka nema za su saurare ka da bakinka. In likitan ya ji abin da babu a dosiye, yana da ikon cewa a sake auna ka. Ƙofar ke nan. Maza ne yawancinsu, dattawa, ba su san ka ba, ba za su sake ganinka ba. Ka shiga kai kaɗai, ka amayar da komai, ka fito."

Wannan shawara ta kwanta wa Bukari. Kwana da kwanaki yana maimaita maganar da Faransanci a banɗakin kanti, a hankali, har bakinsa ya saba da kalmomin.

Takardar ƙarar kuwa Nasiru ne ya rubuta ta, mijin Shamsiya, 'yarsa ta fari. Ɗan Maradi ne, injiniya, suna zaune a Saint-Denis, gefen Paris. Yaro ne mai ladabi irin na da: bai taɓa kiran sunan Bukari ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba, ko a waya in yana gaishe shi ana jin kamar a durƙushe yake. Shi ya roƙi a ba shi aikin, Bukari ya aika masa hotunan asibiti da tsoffin takardun soja. Labarin ciwon baya ya ba shi, bai wuce nan ba. Nasiru ya nemi kwamiti ya saurari surukinsa, aka sa rana, wata Alhamis da la'asar.

Ran nan Bukari bai sha ko ruwa ba tun asuba. Ya ɗaura niyyar azumi, don in an yi masa tayi ya sami abin faɗi ba tare da ƙarya ba. Ya sa kwat ɗinsa, ya maƙala lambobin yabo, Hawwa ta jera masa ƙunzugu a ƙasan jaka ta rufe da sallaya. A jirgin ƙasa ya zaɓi kujerar bakin hanya, kusa da banɗaki.

Yana sauka a tashar Gare de Lyon ta Paris ya hango Nasiru tsaye a bakin dandamali, cikin kwat da laƙtaye, da dosiye a hammata. Bai zata zai zo ba.

Nasiru ya rusuna har gwiwarsa ta kusa taɓa ƙasa, matafiya na kauce masa.

"Baba, barka da zuwa. An zo lafiya? Ya hanya? Ya aka baro su Inna?"

"Lafiya lau. Ya gida? Ya aiki? Ai na ce hanya kawai za a kwatanta mini."

"Na ɗauki hutu, Baba. An yarda mutum ya shiga da wanda zai taimaka masa, na aika musu sunana tuni."

Ya miƙa hannu zai karɓi jakar. Bukari ya riƙe ta gam, ya ce ba nauyi. Nasiru ya yi masa tayin ruwa, ya ce yana azumi.

A cikin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, Bukari ya gwada. Suna tsaye, kowa na duban wani gefe, kamar yadda surukai ke yi.

"Da ba ka wahalar da kanka ba. Abin ba wani abu ba ne, tambaya biyu ce su sallame ni. Ka jira ni a waje ka huta."

"Haba Baba, wace wahala? Ai aikinmu ne."

"Maganar soja ce. Ba daɗin ji."

"Na karanta duka, Baba. Ba komai."

Bukari ya gane abin da ke faruwa. Yaron ya ɗauki maganarsa kara ce, irin wadda babba ke yi wa yaro, shi kuma yana mayar da ladabin da ya dace. In yana so a fahimce shi sai ya ce, kada ka shiga, akwai abin da ba na so ka ji. Wannan kuwa rabin faɗa ne. Waya ta yi ƙara a aljihunsa, Shamsiya ce daga wurin aiki.

"Papa, kun haɗu? Laisse-le parler, bar shi ya yi magana, ka ji? Kwanaki ke nan ba ya barci saboda dosiyen nan. Har ni ya mayar kwamiti, yana yi mini jawabi a kicin."

"To, Allah ya yi albarka," in ji Bukari, ya kashe.

Ginin tsoho ne, na dutse, farfajiyarsa shimfiɗe da tsakuwa. Aka zaunar da su a wani dogon baranda. Akwai wani saurayi Bature mai ƙafar roba, da uwarsa, aka kira su suka shiga. Bukari ya nemi banɗaki, ya tafi da jakarsa, ya canza, ya tsaya gaban madubi ya maimaita maganarsa sau ɗaya. Ta fito daidai. Ya ce a ransa ai masu kwamitin na iya cewa a shiga ɗaya ɗaya.

Ɗakin bai kai girman da ya zata ba. Dogon tebur, mutane jere, kowa da tulin takardu. Shugaban, wani dogon hafsa mai furfura, ya miƙe ya ba shi hannu, ya kira shi sajan. Ya gabatar da sauran, sa'an nan ya dubi Nasiru.

"Wannan shi ne zai taimaka maka? Za mu taɓo maganar lafiya. Kana so ya zauna?"

Nasiru na tsaye, ya riga ya buɗe dosiye, an yi wa shafukan alama da 'yan takardu masu launi. Bukari ya dube shi ta gefen ido. Korar suruki a gaban baƙi, bayan ya bar aikinsa ya sa kwat, abu ne da za a daɗe ana jin ciwonsa a gida biyu.

"Surukina ne," in ji shi. "Ya zauna."

Wata mata ta karanta taƙaitaccen tarihin ƙarar, ba ƙari ba ragi. Aka ba Nasiru dama. Ya yi magana da kyau, ba rawar murya: ya kawo ranar haɗarin, ya kwatanta tsohon hoto da sabo, ya nuna cewa aikin gadi tsayuwa ce wuni guda. Ɗaya daga cikin wakilan tsoffin soji na gyaɗa kai. Shugaban ya gode masa, ya ce duk wannan yana cikin dosiye, likitar Lyon ma ta gani. Abin da suke so su ji shi ne ko akwai wani abu da ba a rubuta ba.

Likitan kwamitin gajere ne, mai sanƙo, kanar. Tun shigowarsu hoton ƙashin yake ta dubawa. Ya cire tabarau.

"Sajan, in ka yi tafiya, ƙafafun na yin sanyi?"

"Wani lokaci, mon colonel."

"Tsakanin cinyoyi fa, kana jin taɓi kamar da?"

"Da dama."

"Zan tambaye ka kai tsaye, don inda ƙashin nan ya matse akwai jijiyoyin da ke riƙe mafitsara. Da yawa masu irin hoton nan suna fama, kuma ba sa faɗa. Kana riƙe fitsari? Ya taɓa kuɓuce maka?"

Tambayar da ya zo Paris dominta ke nan, an kawo masa ita har gabansa, ba sai ya nemo kalmomi ba. Kalma ɗaya ta isa. Ya buɗe baki. Sai ya ga Nasiru ya sunkuyar da kai, ya zuba wa ƙasa ido, hannuwansa a kan gwiwa, yadda ɗan mutunci ke yi in an ambaci tsiraicin babba a gabansa. Wannan ne mutumin da ya zo da iyayensa neman aure, ya zauna a bakin ƙofa bai yarda ya hau kujera ba. Shi ne uban jikokin da za a haifa. Duk sallah zai zo gaisuwa, ya durƙusa gaban wanda ya ji da kunnensa yana cewa yana jiƙa wando.

"A'a, mon colonel," in ji Bukari. "Rien à signaler, ba wata matsala."

Likitan bai rubuta ba tukuna. Ya dubi Bukari, ya dubi baƙar jakar da ke tsakanin ƙafafunsa, ya dubi Nasiru.

"In ka fi so, wannan bawan Allah na iya fita na ɗan lokaci. Ba laifi ba ne, ana yi."

Nasiru ya yunƙura zai tashi, har kujerarsa ta yi ƙara. Bukari ya ga cewa in yaron ya fita yanzu, fitar ita ce amsa. Zai tsaya a baranda ya san abin da ake faɗa a ciki kamar yana nan.

"Zauna," ya ce da Hausa, bai dube shi ba. Ya juya ga likitan. "Ba abin da zan faɗa a bayansa wanda ban faɗa a gabansa ba. Lafiyata lau ta wannan wajen."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

Likitan ya mayar da tabarau, ya rubuta layi ɗaya. Shugaban ya tambaya ko akwai ƙarin bayani. Babu. Ya ce za su tattauna, amsa za ta same shi a gida. Ya sake ba shi hannu, ya gode masa kan hidimar da ya yi wa ƙasa.

A farfajiya tsakuwa kaɗai ke ƙara a ƙarƙashin takalmansu. Sai da suka kai titi Nasiru ya yi magana, idonsa na kan motoci.

"Baba, a gafarce ni in na yi wani kuskure a ciki."

"Ba ka yi ba. Ka yi ƙoƙari. Ko lauya iyakar abin da zai yi ke nan."

"An shirya abinci a gida. In an sha ruwa sai a kwana, gobe a kama hanya."

"Ina da aiki da safe."

Kwana a gidan suruki, a kan katifar mutane, ba abin da zai yiwu ba ne. Nasiru bai nace ba, kuma wannan ne karo na farko da Bukari ya ƙi tayinsa yaron ya ƙyale shi. Ya raka shi tasha. Bai sake miƙa hannu ga jakar ba. Magariba ta riski Bukari a jirgi, ya buɗe baki da dabino ɗaya da kurɓin ruwa.

Rachidou ya kira washegari.

"Yaya, ka faɗa?"

"Surukina na ciki."

Bukari ya jira zagi ko tsokana, ko ɗaya bai zo ba.

"To," in ji Rachidou. "Ni ma da ban faɗa ba."

Amsa ta zo kafin kaka ta ƙare. An yi ta da ladabi, an jera dalilai. Kwamiti ya duba hotuna, ya saurari mai ƙara, ya tambaye shi takamaimai game da mafitsara, ya ce ba shi da wata matsala. Saboda haka babu dalilin sake auna shi, hukuncin farko na nan daram. Yana da damar zuwa kotu. Bukari ya karanta, bai ga inda aka zalunce shi ba. Abin da ya faɗa ne aka rubuta.

Rachidou ya binciko masa sauran. Kotu kan dosiye take hukunci, kuma "a'a" ɗinsa na ciki, sau biyu, ɗaya a Lyon ɗaya a Paris. Yana iya buɗe sabuwar buƙata daga tushe, amma sai ya bayyana dalilin da ya sa abin da ya musa jiya ya zama gaskiya yau, kuma irin wannan layi shekaru yake ci. Kantin bai jira ba. Likitan wurin aiki ya ce bai dace da tsayuwa ba, ba su da wani gurbi na zama, aka sallame shi cikin mutunci, da katin gaisuwa da kowa ya sa wa hannu.

Ran wata Lahadi da hantsi Nasiru ya kira. Ya yi gaisuwa doguwa, fiye da yadda ake yi a waya: ya tambayi sanyi, ya tambayi Inna, ya tambayi mutanen gida na Damagaram. Sa'an nan ya yi gyaran murya.

"Baba, dama wani abokin aikina ne ya ba ni sunan wani lauya a nan Lyon. An ce ya san shari'ar tsoffin soji. Dattijo ne. Namiji." "An ce shi ba ya yarda dangi su shiga ofishinsa. Daga shi sai mai ƙara. Ni ma aiki ya yi mini yawa kwanan nan, ba zan samu duba takardun ba. Duk abin da ke hannuna na sa a ambulan na rufe, na aiko."

"To," in ji Bukari.

"Ita ma Shamsiya ban ce mata komai ba. Wato, kan maganar lauyan."

"To. Allah ya yi albarka."

"Amin, Baba. A gaida Inna."

Bukari ya ajiye wayar a kan tebur. Hawwa na tsaye a ƙofar kicin, tana goge hannu da gefen zani.

"Me ya ce?"

"Yana gaishe ki."

"Duk tsawon nan gaisuwa ce?"

Ya dubi taga. A ƙasa yara na buga ƙwallo tsakanin motoci.

"Yaron ya sani," in ji shi. "Tun a ɗakin ya sani."

"Yo dama," in ji Hawwa. "Ai ba yaro ba ne."

"Da na faɗa ke nan."

Ta tambaye shi ko za a zuba masa abinci yanzu. Ya ce ta ɗan dakata, ya dafa kujera ya miƙe a hankali, ya nufi banɗaki.